Saman sitak yana kan jerin ne, ba wutsiyarsa ba

Masu koyon firogiramin da yawa suna zaton in za a gina sitak da linkid lis (jerin bayanai da aka haɗa ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli yana nuna wani) to dole sabon abu ya je ƙarshen jerin, wai ai shi ya zo daga baya. A'a fa. Sitak kamar tarin kwanuka ne a kicin, wanda ka ɗora ƙarshe shi za ka fara ɗauka, matsalar kuma a linkid lis mai hanya ɗaya kowane ƙulli na gabansa kawai ya sani, bai san na bayansa ba. To in ka ce a wutsiya za ka yi pop, wato cire abin da aka ɗora ƙarshe, sai ka bi jerin tun daga farko ka nemo na kusa da ƙarshe, in ƙulli 10,000 ne haka za ka taka su ɗaya bayan ɗaya, ko ka ajiye manunin wutsiya (adireshin ƙullin ƙarshe) ma bai fisshe ka ba.

A kai kuwa ba wahala. Push, wato ɗora sabon abu, sabon ƙulli ya nuna tsohon kai, shi ya zama kai. Pop, ka matsar da kai gaba, shi ke nan, O(1), wato lokacinsa ba ya ƙaruwa komai tsawon jerin. Amma duba tukuna ko kan jerin NULL ne, wato ba komai a jerin, in ba haka ba a C firogiram ɗin faɗuwa zai yi.