NASIHA: Ina ungulayen mahauta sunka tahi?

Assalamu alaikum ƴan uwa maza da mata na Maradi da kewaye. Yau maganar tamu kan wani zunubi ce da ba mu cika sa shi cikin lissafi ba, ba a cika jin shi bisa mumbari ba kuma, amma fa mala'iku suna rubutawa.

Duk wanda ya manyanta cikin garin ga ya san yadda mahauta take a da, ungulaye bisa katanga, bisa itace, wasu ƙasa suna ja-in-ja da karnuka kan hanji, mahauci ya ɗaga hannu ya kore su, su ja baya taki biyu su dawo. Yanzu tahi ka tsaya ka duba sama. Kana iya wuni ba ka ga ko guda ba, yaran yanzu da yawa cikin karin magana kaɗai sunka san ta. To ba ƙaura sunka yi ba jama'a, kashe su akai. A zuba guba cikin mushen jaki ko akuya a aje bayan gari, su sauko su ci su zube gaba ɗaya, a bi a yanke kawuna da ƙafafu a busar, wasu a saida nan, wasu su bi hanyar Ɗan Issa da Jibiya su shiga kasuwannin Najeriya wurin masu tsibbu. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun duniya ta sa ungulun nan tamu ta gari cikin sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. A 2020 ƙasar Gine Bisau kaɗai an tsinci sama da 2,000 matattu da guba, da yawa babu kawuna. Ita kuma ƙwai guda take yi a shekara, guda tak, ka kashe ashirin da hantsi sai yaushe za a maida su?

Wani zai ce to miye, ungulu ce fa, ƙazamar tsuntsuwa. Eh ƙazantar taka ce take kwashewa kyauta ba ta taɓa tambayarka ko dala ba. Allah ya yi mata cikin da ke narka mushe da cutar da ke cikinshi. Can ƙasar Indiya da ungulayensu sunka mutu cikin shekarun 1990 saboda wani maganin da ake ba shanu, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan bola sunka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, mutane sunka yi ta mutuwa. Amma ni ba ma wannan ne ya fi tada min hankali ba.

Allah Ta'ala ya ce cikin Suratul An'am aya ta 38, babu wata dabba a bayan ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fukafukanshi, face al'ummai ne irinku. Al'umma ya kira su, yadda muke al'umma. Cikin Suratul Isra'i aya ta 44 kuma ya ce babu wani abu face shina tasbihi da gode mishi, ku ne dai ba ku gane tasbihinsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa tururuwa ta ciji wani Annabi daga cikin Annabawa, ya sa anka ƙone gidan tururuwar duka, sai Allah ya yi mishi wahayi, don tururuwa guda ta cije ka shi ne ka halaka al'umma guda mai tasbihi? Annabi ne fa anka yi ma wannan magana, kuma kan gida guda na tururuwa. To ina ga mu da muke share iri sukutum daga bayan ƙasa, har ya zan babu sauran mai irin wannan tasbihin? Annabi Nuhu alaihis salam da ruwan ɗufana ya zo umurtar shi anka yi ya ɗauki biyu-biyu daga kowane iri cikin jirgi. Abin da anka tsirar a jirgin Nuhu shi muke ƙarasawa da guba da bindiga.

Na san da an ce farautar dabbobin dawa hankalin kowa sai ya tahi ga wani mutum can daji da bindiga, mu ce Allah ya shirye shi, mu wanke hannunmu. A'a Alhaji, a'a Hajiya, dawo nan kusa. Wancan bai shiga rana don nishaɗi ba, ya shiga ne don ya san akwai mai saye, kuma mai sayen cikin gari yake, sau da yawa ma sahun gaba yake sallah. Wa ke zuwa gun mai magani a ce mishi ya kawo kan ungulu don kasuwa ta buɗe, ko don zaɓe, ko don kishiya? Tsaya gaban shimfiɗar mai tsibbu ranar kasuwa ka duba da kyau, busassun kawunan tsuntsaye an jera ido ya lotsa, ƙahon barewa, guntun fatar damisa da ƙwari sunka fara ci, fatar bushiya, hawainiya an shanya ta ƙame. Kowane guntu nan rai ne anka ɗauke, kuma ba don ci ba. Mai saye ya haɗa biyu, ga alhakin rai ga zuwa gun boka, alhali Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je ma boka ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarshi ta kwana 40. Ungulun da ba ta iya tsare kanta daga guba ba, busasshen kanta ne zai buɗe maka kasuwa? Haba.

Sai maganar tsarewa, wadda ita ce ta fi yawa cikin gidajenmu. Ya zama ado yanzu, mutum ya samu kuɗɗi sai ka ga ɗan barewa a tsakar gida, ko gauraka, ko kunkuru an huda bayanshi an ɗaure da waya, ko aku cikin kejin da bai isa ya buɗe fiffike ba, a yi hoto a sa a Facebook ana masha Allah. Ka tambayi kanka ta yaya ɗan barewar ya zo hannu? Uwar ba ta miƙa shi don Allah ba. Bin ta akai da mota ko babur har ta faɗi, ko a harbe ta, sannan a ɗauke ɗan. A kawo shi bisa siminti, ana ba shi dussa tare da awaki, yara na bin shi da gudu, dabbar da Allah ya yi ma ƙafa don fili, da ya firgita ya daki katanga ƙafar ta karye, a ce ai kwananshi ne ya ƙare a aika a kawo wani. Shi ko aku kuturu daga dazuzzukan kudu ake kamo shi, irin su Kamaru da Kwango, a cusa su cikin akwati da yawa su mutu a hanya kafin guda ya iso hannunka, shi ya sa tun taron 2016 na CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobin dawa, anka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai cikin wata tahiya sun ɗauke ƴaƴan wata ƴar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam ya ce wa ya tada hankalin wagga da ƴaƴanta? Ku maida mata ɗiyanta. Bai ce ku saya musu keji mai kyau ba.

Matar nan kuma kowa ya hardace labarinta tun makarantar allo, wadda ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Muna karantawa muna girgiza kai, sai gardawa su shigo gari da kura mu ruga kallo. Dubi kurar da kyau in sun sake zuwa, takunkumin igiya ya ci mata baki, sarƙa mai nauyi a wuya, haƙarƙari duk a waje, ana kiɗa ana fizgarta tsakar rana tana haki, ga biri an sa mishi riga, sarƙar ƙugunshi ta cinye gashi har nama ya bayyana, in ya ƙi rawa a ɗaga sanda. Mu kuma muna dariya muna jefa dala ashirin. Wannan kuɗɗin namu shi ne zai sa gobe a koma rami a ciro wata. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kanshi, ya ce Manzon Allah ya la'anci wanda ya maida abu mai rai abin gwada harbi. Iyaye ku duba yaranku masu ɗanko da ke wuni suna harbin ƙadangaru da tsuntsaye don wasa, daga nan zuciya ke fara bushewa.

Masu ilimi za su kawo min hadisin Abu Umair, ƙanen Anas, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Gaskiya ne, malamai sun kafa hujja da shi cewa ya halatta a aje tsuntsu in ana ci da shi ana shayar da shi ba a cutar da shi. Haka farauta halas ce, tana cikin Suratul Ma'ida, kuma abin da ke cutarwa kamar kunama ko jan baki da ya sauka gonar gero ba wanda ya ce ka zuba mishi ido. Ba na haramta abin da Allah ya halatta. Amma maharbin da, da bakanshi da karenshi, ya samo zomo ko zabon daji ya kai ma iyali, ina haɗinshi da mai Hilux da fitila da bindigar yaƙi da zai share garke cikin dare guda, ko baƙin da ke zuwa da shaho daga ƙasashen Larabawa suna kakkaɓe tuji? Halas ɗin ci bai zama lasisin ƙarar da iri ba. Suratul Baƙara aya ta 205 ta siffanta mai ɓarna da cewa shina halaka shuka da ƴaƴan dabbobi, kuma Allah ba ya son ɓarna. Ga dokar ƙasa ma ta 1998 kan farauta, ta hana taɓa da yawa daga cikinsu.

Abin kunya, muna ihun Mena Mena in ana ƙwallo, ita ko menar gaske, barewar da anka sa ma ƙungiyar ƙasa sunanta, ƴan ɗaruruwa ƙalilan sunka rage a dajin duniya duka, ɗan abin da ke gare mu shina can Termit da duwatsun Ayar. Farin gwankin hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, da anka yi kewayen ƙirga a 2016 yankin Termit guda 3 anka gani. Mariri kam tun 2000 anka ce babu shi a daji ko'ina, sai daga waɗanda masana sunka kiwata anka maida wasu Chadi a 2016. Jimina ta ɓace daga dajinmu, sai wadda ake kiwo a wurare irin su Kelle can jihar Damagaram. Tsofaffin wajen Madarunfa har yau suna ba da labarin giwayen da ke shigowa dajin Babban Rafi.

Amma in an bar su suna dawowa, wannan mun gani da ido cikin ƙasar ga. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma a 1996 saura 49 ya rage a duniya, duka wajen Kure kusa da Yamai. Anka hana kashe su, manoman wurin sunka yi haƙuri ko da suna shigar musu gonar wake, yau sun haura 600. A 2018 anka ɗauko 8 cikin manyan motoci, tahiyar sama da kilomita 800, anka kawo su gandun Gadabeji nan arewa da Dakoro, wurin da ya yi kusan shekara 50 babu su saboda fari da farauta. Wato amanar ta iso jiharmu, tana hannun Fulani da Buzaye da Hausawan da ke kiwo a kewayen, kuma tana hannun mu ƴan birni da muke sayen abin da anka ciro daga daji.

Talauci gaskiya ne, ban musa ba, wanda yunwa ta kora daji hisabinshi daban da na wanda ke saye don a ce shi ma wani ne. Shi ya sa maganata ta fi ƙarfi kan mai kuɗɗi. In an kawo maka ɗan barewa ko aku ko fata, kyauta ko saye, ka ce ba ka so, ko da ka ji tausan dabbar kar ka biya, don kuɗɗin tausayi ma ciniki ne, gobe biyu zai kawo. Malamanmu don Allah a sa wannan cikin huɗuba da karatun bayan magariba, musamman kafin rani lokacin da samari ke haɗa gayyar farauta.

Wanda kuma ya riga ya aje wata dabbar dawa gida, kar ka ce daga jin nasiha za ka buɗe ƙofa ka kora ta titi, karnuka da yara za su gama da ita kafin la'asar, wadda ta girma a hannu ma ba ta iya neman abinci ba. Cire mata wayar da sarƙar tukuna, ka ba ta inuwa da ruwa da wuri mai faɗi, sannan ka tahi ofishin ma'aikatan gandun daji ka gaya musu abin da ke hannunka su faɗa maka inda za a kai ta.