Yoyon Mota Ya Ishe Ni

Wai ta yaya motar da aka ƙera domin ta tsallake rafi ta ratsa taɓo za ta kasa tare yayyafi? Duk ranar da aka yi ruwa sai kafet ya jiƙe sharkaf, warin fumfuna ya kama tufafina. Na sauya robar ƙofa, na share bututun tagar rufi, na liƙe gefen gilashin gaba da silikon, amma ɗigon yana nan. Ruwan da ke shiga ta baya ya bi ƙarƙashin rufi ya ɗigo a gwiwata, ina zan nemo kafarsa? Na yi awa 2 ina fesa tiyo ban ga komai ba, amma da hadari ya sauko sai ga tafki ƙarƙashin kujera!