Kafin a kira ɗan shekara 16 rumfar zaɓe, a fara shigar da ɗan 18

Assalamu alaikum jama'a. Duk inda matasa suka zauna shan ataya a Aboabo ko Sabon Zango a nan Ghana, da wuya a tashi ba a taɓo siyasa ba, kuma cikin abin da ake jayayya a kai har da maganar rage shekarun zaɓe daga 18 zuwa 16. Ra'ayina shi ne a dakata tukuna. Ba don na raina hankalin yaranmu ba ne na faɗi haka.

Masu neman ragin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Dokar yara ta 1998 ta yarda a ɗauki ɗan shekara 15 aiki, ta kuma yarda ya shiga koyon sana'a. Ku je Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ku ga yaron da yake kwance ƙarƙashin mota tun safe, baƙin mai har gwiwar hannu. In kuɗin fetur ya tashi shi ne zai fara ji a kuɗin mota. Yarinyar da ke ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia tana biyan haraji a cikin kuɗin katin waya da kayan kanti da take saya. Karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 a kansu yake aiki, su suka san yadda abinci da wurin kwana suke a makarantun, amma ba su da bakin magana ranar zaɓe. Ostiriya ta rage zuwa 16 tun 2007, a Brazil ɗan 16 yana iya zaɓe in ya so tun kundinsu na 1988, kuma ƙasashen ba su rushe ba.

To amma mu a Ghana, sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1992 shi ne ya ce ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa sama, mai cikakken hankali, yana da 'yancin zaɓe. Wannan sashe yana cikin waɗanda aka kulle, majalisa ita kaɗai ba ta isa ta taɓa shi ba. Sai an kai ƙudurin gaban Majalisar Ba da Shawara ta Ƙasa, a buga shi a jaridar gwamnati ya yi wata 6, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A ƙuri'ar ma dole kashi 40 cikin 100 na masu rajista su fito, kuma kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka fito su ce sun yarda. Ku tuna ƙuri'ar da aka shirya a Disamba 2019 kan shigar da jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi: da aka ga babu haɗin kai, janye ta aka yi ana saura 'yan makonni. In ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun nan biyu, NPP ko NDC, ta ƙi, kashi 75 ba zai samu ba, kuma kowace sai ta lissafa inda ƙuri'un yaran za su faɗa kafin ta buɗe baki.

Abin da ya fi damuna ma shi ne tantance shekaru, don nan ne mu mutanen zango muke shan wahala. Wanda zai yi rajista yana zuwa da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko fasfo. In ba shi da ko ɗaya, sai ya kawo mutum biyu masu rajista su tsaya masa, su sa hannu cewa ɗan ƙasa ne kuma ya kai 18. Mutum ɗaya yana iya tsaya wa har mutum 10. Ta wannan ƙofar ake shigo da yara. Ana kwaso su a mota, a koya musu shekarar haihuwar da za su faɗa, wani da bai taɓa ganinsu ba ya dangwala musu yatsa. Wakilin ɗaya jam'iyyar kuma sai ya dubi fuska kawai ya cike takardar ƙalubale. Da an ƙalubalanci mutum, ba za a miƙa masa katinsa ba sai ya bayyana gaban kwamitin gunduma da shaidarsa. Yaro mai ƙaramin jiki wanda ya cika 18 da gaske sai ya rasa katinsa, ko ya gaji da zirga-zirga ya haƙura. In kuma sunansa Abdullahi ko Fuseini ne, sau da yawa tambayar shekaru takan koma tambayar daga ina kakansa ya zo.

Yanzu ku saukar da layin zuwa 16. Ɗan 14 da ɗan 16 wa zai bambance su da ido a cikin layi, rana na dukan kowa? Duk rigimar da ake yi a teburin rajista za ta sauko ne kan yaran da ba su gama ƙaramar sakandare (JHS) ba. Wanda aka ƙara masa shekara biyu a rajista kuwa ya ɗauko wa kansa matsala, domin ranar haihuwar da ke katin zaɓe za ta saɓa da ta takardar jarrabawa da ta Ghana Card, kuma gyaran yana cin rantsuwar kotu da kuɗi da lokaci. Ɗan siyasar da ya kawo shi a mota ba zai raka shi ba. Kada a manta cewa a 2008 ƙuri'a dubu 40 da ɗoriya ce ta raba Atta Mills da Akufo-Addo a zaɓen shugaban ƙasa, don haka babu jam'iyyar da za ta ɗauki ƙuri'un yara da wasa.

Akwai kuma makarantun kwana. Da yawa daga cikin 'yan 16 da 17 da ke karatu suna sakandare. In an yi musu rajista a makaranta, shugaban makaranta da malamai da duk wanda ya kawo kyautar buhun shinkafa sun sami ɗaruruwan masu zaɓe a cikin katanga ɗaya. In an yi a gida, sai an sake su su tafi garuruwansu ranar zaɓe, 7 ga Disamba.

Ga waɗanda nake ganin an zalunta a fili. Doka ta ba ɗan 18 'yanci, amma sai ya cika 18 ranar da ake rajista kafin a rubuta shi. A 2024 an yi rajista a watan Mayu, aka ƙara 'yan kwanaki a Agusta. Duk wanda ya cika 18 a Satumba, Oktoba ko Nuwamba ya kalli zaɓen ne daga gefe, kuma ba zai zaɓi shugaban ƙasa ba sai 2028, yana da shekara 22. A 2023 kuma a ofisoshin gundumomi kaɗai hukumar zaɓe ta yi rajistar, wanda ke nesa sai ya biya kuɗin mota, wani lokacin har da na masu tsaya masa. A ganina gyaran wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A bar ƙofar rajista a buɗe duk shekara, a kuma rubuta duk wanda zai cika 18 kafin ranar zaɓe. Ƙa'idar da hukumar zaɓe ta kai majalisa kwana 21 na zama take yi ta zama doka, in ba a soke ta ba. Wannan shi ne abin da ya dace matasan mazaɓar Asawase da ke Kumasi su riƙa tambayar ɗan majalisarsu da asambuliman ɗinsu, wato wakilinsu a majalisar gunduma.

Iyaye kuma, Allah ya ƙara girma, akwai namu aikin. Rajistar haihuwa kyauta ce in an yi ta cikin wata 12 na farko. Bayan nan sai an biya. A yi ta tun ana hidimar suna, a tabbatar harafin sunan da ranar haihuwar iri ɗaya ne a katin awo, da takardar makaranta, da Ghana Card. Wanda ya kai 15 a kai shi ofishin NIA, hukumar da ke ba da Ghana Card, na gunduma ya yi katinsa tun yanzu, kada a jira shekarar zaɓe lokacin da layi ke kaiwa bakin titi. Ranar da yawancin yaran zango suke riƙe da katin da ya nuna shekarunsu ba tare da wani ya tsaya musu ba, zan goyi bayan a kai maganar 16 ƙuri'ar raba gardama.