Ga matasan Maraɗi masu neman wurin koyon aikin zane

Ƙannena masu zane a kwamfuta, ku sani mai gidan buga takardu ba takardar makaranta yake fara dubawa ba. Damuwarsa ɗaya ce: in ya ba ka aiki, zai shiga inji ya fito daidai, ko za a yi asarar takarda da tawada? Manhajar Canva a salula tana da amfani, amma wanda bai taɓa zama gaban manhajar zane ta CorelDRAW ko Illustrator ba zai sha wuya tun ranar farko.

Kafin ka taka ƙofar kowa, tara aikinka shida zuwa takwas cikin PDF ɗaya. Zaɓi irin abin da garin nan ke saye: katin gayyatar biki, tambarin shagon ɗinki, takardar da ake mannawa a kwalbar man gyaɗa, allon talla. Don Allah kada ka cusa aikin wani da ka kwaso a intanet. Za a ce ka buɗe shi ka sauya suna nan take, asiri ya tonu.

Ga inda aka fi faɗuwa. Allon kwamfuta da tsarin launi na RGB yake aiki, injin bugawa kuwa da na CMYK, shi ya sa shuɗi mai walƙiya ke fitowa a dushe. Mayar da launin zuwa CMYK tun kafin ka soma. Hoton kati ya kai 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci, don ya fito tangaran), kuma ka tsawaita launin bango milimita 3 bayan layin yanka, don wuƙa takan goce ta bar farin baki. Sai haruffanmu, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ: salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan amarya. Abin yana ba ni takaici, domin gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ka mayar da rubutun ya zama zane, ba haruffa ba, kafin ka miƙa, yadda ko kwamfutarsu ba ta da salon ba abin da zai motsa. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin takarda, ba hoto ba, don tana matse hoto ya lalace.

Ka je da ƙafarka, da hantsi, ka gaisa, ka nemi mai gida, ka bar masa aiki biyu bugaggu a hannu. Yin rajista a ANPE, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki, ma yana da kyau.

In an karɓe ka, kunya ba ta da wuri a nan. Tambayi wata nawa za ka yi, wa zai riƙa duba aikinka, ko akwai kuɗin kabu-kabu, ko kana da izinin nuna abin da ka zana a wani wuri. Ka kuma roƙi a rubuta cewa za a ba ka takardar shaida mai hatimi ranar da ka gama.