Kiɗan gari ya fi kiɗan faɗa wuyar haɗawa

Jiya da dare ƙanena ya shigo ɗakina ya same ni zaune gaban talabijin na naɗe hannu, jarumin wasan bidiyo na Skyrim yana tsaye cak a kasuwar Whiterun. Ya ce, "Yaya, gem ɗin ya maƙale ne?" Na ce masa lafiyarsa ƙalau, kiɗa nake ji. Irin kallon da ya yi min shi ya sa na zo nan in faɗi abin da ya daɗe yana cina.

Duk inda 'yan RPG, wato gem ɗin da kake zama jarumin labari, suka taru ana hirar kiɗa, na yaƙi da bos, wato babban abokin gaba, ake yabo. To ai wannan aikinsa mai sauƙi ne: a saki ganguna, a ƙara sauri, zuciyarka dama tana dukan uku-uku. Kiɗan gari kuwa shi za ka yi ta ji yana zagayowa kana sayen takobi, kana neman masauki, ka ɓata a lungu, ka tashi ka yi alwala ka dawo yana nan. In ya cika zaƙi ya gundure ka, in ya yi lami garin ya zama kango.

Ku ɗauki birnin Midgar a wasan Final Fantasy VII na 1997. Masu hali suna zaune a saman wani ƙaton faranti na ƙarfe, talakawa a ƙarƙashinsa ko rana ba sa gani. Nobuo Uematsu, wanda ya haɗa kiɗan wasan, bai yi wa unguwannin ƙasan kiɗan ban tausayi ba. Sauti ya ba su mai kauri, mai jan ƙafa, kamar na mutumin da ya saba da wahala har ta daina ba shi mamaki. Kafin wani ya buɗe baki ka riga ka san inda ka shigo. Da ka isa Cosmo Canyon kuma, inda mutane ke kewaye wuta, ganga ce za ta tare ka tun daga ƙofa, sai ka ji kafaɗarka ta sauka.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne kiɗan garin Lavender a Pokémon na farko, 1996. Game Boy, na'urar hannu da ake buga shi a kai, muryoyi huɗu kacal yake iya fitarwa lokaci guda. Da waɗannan huɗun mai haɗa kiɗan, Junichi Masuda, ya sanar da yara cewa akwai makabarta a garin nan, kuma har yau akwai magidanta da tsigar jikinsu ke tashi in suka ji shi.

Na zamani ma suna taɓukawa. A Persona 5, kiɗan da ke raka ka unguwarku da dare a Tokyo yana da wani salo na ranar ruwan sama, inda ake janye gangunan. Abu kaɗan ne, amma wanda ya taɓa zama a zaure yana jiran ruwa ya tsagaita ya san abin da mai haɗa kiɗan, Shoji Meguro, yake nufi.

Inda nake jin haushi shi ne garin hamada. Da ka hango rairayi da raƙumi ka san abin da zai biyo baya: sarewar nan mai lanƙwasa, iri ɗaya a wasa goma. Mu da hamada ke maƙwabtaka da mu mun san kunnen Agadez daban, na Alkahira daban. Wannan ragwanci ne kawai, wanda ba za su yi wa birnin Turawa ba.

Shi kuwa ƙanen nawa, bayan ya gama yi min dariya ya kwanta a kan tabarma yana danna waya. Da na miƙa hannu zan kashe, sai ya ce, "Yaya, bar shi ya ƙara zagayowa sau ɗaya."