Kai Ƙarar Kamfani A Amurka: Wa Zai Tsare Maka Aikinka?

A jihohi 49 na Amurka, ma'aikacin da ba ya cikin ƙungiyar ƙwadago kuma ba shi da kwantiragi mai wa'adi, ana iya sallamarsa yau ba tare da an faɗa masa dalili ba. Montana ce kaɗai ta fita daban, da dokarta ta 1987 da ta ce in lokacin gwaji ya wuce, sai da hujja.

Da yawa suna zaton tsarin mulki zai tsaya musu, tunda gyaransa na farko ya ba kowa 'yancin kai koke ga hukuma. Hannun gwamnati wannan sashe ya ɗaure, bai taɓa na kamfani ba. Ma'aikacin gwamnatin ma da sauran rina a kaba. A 2011, a shari'ar Guarnieri, shugaban 'yan sandan garin Duryea da ke Pennsylvania, Kotun Ƙoli ta ce sai koken ya shafi al'amarin jama'a kafin ya samu kariya.

Kotunan jihohi ne suka ɗan toshe ɓarakar. Indiana a 1973 ta hana korar wanda ya nemi diyyar rauni a wurin aiki, Illinois kuma a 1981 ta kare wanda ya kai wa 'yan sanda rahoton laifi.

Sai dai ba kamfanin da zai rubuta cewa don ka kai ƙara ya kore ka. Makarar da ka yi wata shida baya za a tono, ko a ce ragin ma'aikata ne. Shi ya sa lauya zai fara tambayarka takarda: ranar da ka yi koken, shaidar cewa manaja ya san da shi, takardun yabon aikinka na baya, da kwana nawa ne tsakanin koke da kora. A ajiye kwafi a gida, domin imel ɗin ofis galibi ranar sallama ake rufe shi.

Inda doka ta fi gazawa, a ganina, wajen wa'adi ne. Ƙorafin wariya a hukumar EEOC, mai yaƙi da wariya a wurin aiki, kwana 180 ne, wasu jihohin 300. Hukumar NLRB, mai kare 'yancin ma'aikata na haɗa kai da shiga ƙungiyar ƙwadago, wata 6. Amma wanda aka kora don ya kai rahoton na'ura mai haɗari ga OSHA, hukumar kare ma'aikata daga haɗari a wurin aiki, kwana 30 kacal gare shi ya shigar da ƙorafin korar. Mutumin da inshorar lafiyarsa ke shirin yankewa, ga kuɗin haya na jira, ina ya ga natsuwar neman lauya cikin wata guda? Ko ya shigar a kan lokaci ma, dokar tarayyar ba ta ba shi damar zuwa kotu da kansa ba. Sai Ma'aikatar Ƙwadago ta ga dama ta shigar masa.