Yadda naman kaza ya ci min gira

Waɗanda suka gan ni ranar Juma'a da hula har kan ido, ba sabon yayi na fito da shi ba. Girar dama ce babu.

Kun dai san tun ƙarshen damina na faɗa harkar noman naman kaza, farin nan mai faɗi kamar kunne, a ɗakin shirgin ƙuryar gida. Haɗa irin ba wuya: hatsi kilo 2, a jiƙa awa 12, a tafasa minti 10, a baza ya sha iska har in ka ɗora ƙwaya kan takarda ba ta bar danshi ba. A zuba a kwalaben mayonez kashi biyu cikin uku, a huda murfi a toshe da auduga, a lulluɓe da takardar alminiyom. Sai kokot, tukunyar nan mai riƙe tururi, minti 90 daga lokacin da ta fara huci, don ta kai digiri 121. Tukunyar gida ba ta wuce 100, ƙwayoyin cutar da ke kwance cikin hatsi kuwa dariya suke wa 100. Zubina na farko haka ya yi tsami, ya dinga wari kamar ruwan gasarar da ya kwana uku.

Inda aikin yake shi ne lokacin zuba iri cikin kwalaben da suka huce. Na sayo robar ajiyar kaya mai garai-garai a Katako, lita 60, na kife ta bisa tebur, na huda ramuka biyu na shigar hannu da gwangwanin tumatir mai zafi. Amfaninta ɗaya ne: iska ta tsaya cik, ƙura ta kwanta. A rufe taga, a kashe bantilate, a jira minti 20. Alkol na feshe cikin robar kuma mai 70 ake so, don mai 90 na bushewa kafin ya kashe komai. A kowane mililita 100 na mai 90 sai a ƙara ruwa mililita 30. Doka ta ƙarshe, wadda ni da bakina na koya wa mutanen fada: wuta a waje take zama. Ka gasa wuƙa ta yi ja a waje, sannan ka shigar da ita.

To ina zaune da takunkumi, da safar hannu, da hular wankan uwargida a kai, gumi na bin gadon bayana, sai ga taubashin nawa. Kun san shi. Ba sallama, ya banko ƙofa, ya zauna a dokinta da ƙullin gyaɗa.

"Bawana, tiyata ake wa hatsi?"

Ban tanka ba, don ba a magana a bakin aiki, numfashi ma na ɗauke da cuta. Na yi masa alama da kai ya rufe ƙofa, ya ɗaga min hannu wai yana amsa gaisuwa. Iskar hunturu ta shigo, kyandir ɗin gasa wuƙa ya fara rawa zai mutu. Ni kuwa yanzun nan na gama feshe cikin robar da alkol, feshi na rashin tausayi. Hannuna da kansa, ba tare da ya shawarce ni ba, ya jawo kyandir ya tura ciki. Har na duƙa na kai ido bakin rami in ga ko ya zauna daidai.

Fum!

Wuta shuɗiya ta cika robar, robar ta ɗan yi tsalle ta dawo, sauran wutar ta fito ta ramin da na sa ido. Duka abin bai kai ƙiftawa biyu ba. Amma a cikin ƙiftawa biyun nan ni, mai ƴaƴa huɗu, na ƙwala kira da iya ƙarfina: "Inna!" Innar da ke Tawa. Na yi baya da kujera, ƙafafu sama, hular wanka ta narke gefe ɗaya ta manne min a kunne, ina ta marin fuskata da safar roba.

Mutumin nan ko motsi bai yi ba. Ya ɓare gyaɗarsa, ya hura ɓawon, cikin ɗakin da na kwana ina gogewa da jabel, ya shaƙi iska ya ce, "Ƙamshin babbaka nake ji kamar ranar layya. A aje min kunnen."

Uwargida ta shigo da gudu riƙe da buta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, hulata ce wannan?"

Shi wannan taubashin ba yau ya fara ba. Watan jiya ya ɗauki kwalbar da farin zaren naman kaza ya cinye rabinta, ya buɗe murfi ya zura hanci wai ya ji ko fura ce. Kwana huɗu ta yi kore shar, koren funfunan nan da in ya kama ba magani sai a fitar da kwalbar waje a rufe. Shi ke yawo yana cewa laimar kwaɗi nake kiwo zan sayar wa anasara. Kuma jikka biyar ɗina na sunan ɗansa har yau shiru, in na yi magana ya ce bawa ba ya bin ubangidansa bashi. Yanzu yaran unguwa in na wuce sai in ji ƙaramar murya daga bayan katanga: "Inna!"

Cikin kwalabe 8, biyar sun yi fari tas, biyu sun yi kore, ɗaya kuma ban gan ta ba, ina zargin tana gidansa da sukari a ciki. Bambaron shinkafa na nan na kawo daga Saga, saura in jiƙa shi a ruwa mai digiri 70 na awa ɗaya da rabi, in matse, in haɗa da iri kashi ɗaya cikin goma. Dole in gama kafin Afrilu, don zaren ba ya jure zafin da ya haura 35.

Wanda ke da kwalbar feshi da ba ya amfani da ita ya taimaka, tawa ta lanƙwashe.